Da Hankalinta Gwaggo Ta Rasu

Daga Allah muke, kuma Gwaggo ta riga mu komawa gare shi. Tun ranar da aka kai ta nake zaune a kan tabarmar makoki a tsakar gidanmu na Gaya, ina karɓar gaisuwa. Matan Dendi su shigo su ce "fonda tilas", namu su ce "ya haƙuri", a yi addu'a a shafa. Daga nan sai mace ta gyara zama, ta rage murya, ta ce, "Allah sarki, ai hutu ta samu. Tun shekarar zaɓe hankalinta bai koma daidai ba." Ta kusa da ita ta gyaɗa kai. Wata 'yar Tanda, wadda ta fi kowa kuka a ranar farko, ta share hawaye da bakin zane ta ce, "Da can kam mace ce." Wannan "da can" ɗin ya tsaya mini a wuya har yanzu.

Mutuwa ba ni da ja da ita. Abin da ke ci mini rai shi ne ƙaryar da aka yi wa Gwaggo tana raye, aka kuma raka ta da ita har kabari. Ni na yi jinyarta, ni na rufe mata ido, don haka zan faɗi abin da na sani, ko da zai ɓata wa na gida rai.

Gwaggo yayar mahaifina ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Uwarsu ta rasu Baba yana rarrafe, ita ta goya shi, ita ta yaye shi da kunun shinkafa. Shi ya sa har ya yi furfura, ya mallaki kamiyo yana jigilar kaya tsakanin Gaya da Doso, ba ta kiransa da komai sai Auta. A gaban yaran motarsa take cewa, "Auta, zo sauke mini wanga kwando," ya tashi da babbar rigarsa ya sauke. Ni kuwa an ba ta ni riƙo tun ina ƙarama, a ɗakinta na girma, daga ɗakinta aka kai ni gidan miji.

Gishirin Fogha take sayarwa a kasuwa. Ba ta zama a kan kujera, wani tsohon turmi ne take kifewa ta hau, wai shi ne daidai ƙugunta. Goro ba ya rabuwa da bakin zanenta. Duk wanda ya zauna kusa da ita sai ta ɓare da farce ta miƙa masa rabi, ko ya iya ci ko bai iya ba. In mata biyu suka kaure a kan mudu ko a kan wurin zama, wurinta ake kawo su. Ta bar ta farko ta zazzage duk abin da ke cikinta, sannan ta ce, "Kin ƙare? To ke ma hwaɗi naki." Ba ta taɓa yanke magana ba sai kowa ya gaji da tasa. Matan Bana da na Karakara, in kayansu suka yi kwantai, a gefenta suke jibge su su tafi gida sai wata kasuwa, ba shaida ba komai. Abin da take ci da shi ke nan a garin nan, an san in ta ce eh to eh ne.

'Yar Tandan nan mai kuka, naƙuda ce ta taɓa kama ta a tsakiyar kasuwa, ba ta san kowa a Gaya ba. Gwaggo ta rufe gishirinta da tabarma, ta tallabo ta har ɗakinmu, ta karɓi haihuwar, ta yi mata wankan jego, ba ta sallame ta ba sai bayan suna. Ni aka kora na koma kwana a ɗakin girki, kuma na yi ta ƙunƙuni.

Kada a ce na mai da ita waliyiya. Gwaggo tana da zafin baki, tana da riƙo. Damina guda ta yi ba ta gaisa da maƙwabciyarmu ba saboda akuyarta ta lashe mata gishiri, har akuyar aka yanka aka kawo mata cinya, ta karɓi cinyar ta ci gaba da gabarta. Ni ma na sha ranƙwashi a hannunta. Amma rikicin tsufa ko taɓin hankali, ko kusa ba su zo inda take ba.

Baba ne ya fara kawo rediyo unguwarmu. Da batirin kamiyo ake kunna shi, maza su cika zaure suna sauraro kamar ana rabon nama. Gwaggo ta leƙa sau ɗaya. Mutumin da ke ciki yana ta bayanin yadda Nasara suka shirya ba baƙar fata damar zaɓen masu yi musu magana. Ta tsaya ta ji, ta ce, "To su wa suka zaɓo waɗanda za mu zaɓa?" Rediyo ya ci gaba da zubarsa. Ta ce, "Wanga abu shina magana, ba shi saurare. Ko mutum ne ba ni zama da irinai." Aka yi dariya ta fita. Ba ta sake leƙa zauren ba in ana kunna shi.

Akwai abin da ba a taɓa mata shi. Ɗa ɗaya Allah ya ba ta, kuma a zamanin aikin dole aka zo aka ɗauke shi zuwa aikin hanya. Gardin da ya zo ɗaukarsa, wato ɗan sandan Nasara, a gabanta ya ɗaura masa igiya a ƙugu. Ta durƙusa ta roƙe shi, ta ce ga saniyarta ya ɗauka, ya ture ta da gwiwa ya ja yaron. Rigarsa kawai aka dawo mata da ita. Ina yarinya nakan ga ta fito da rigar daga ƙasan tukunyar kaya ta shanya, ta mayar.

Da zaɓe ya zo, aka ce har mata za su jefa ƙuri'a, sai ga wannan gardi ya tuɓe kakinsa ya sa babbar riga, ya zama shi ne idon wata jam'iyya a garinmu. Ba zan kira sunansa ba, ba zan kira na jam'iyyar ba, duk suna nan da ƙarfinsu. Su ne suka ba Baba amsa-kuwwa, wani bututun ƙarfe mai ƙara murya, aka ɗaure shi a kan kamiyonsa ana zaga ƙauyuka da shi. Tsohon gardin yana gaba kusa da direba, yana ɗaga wa mutane hannu. Zan yi wa Baba adalci, yana da bakuna da yawa da yake ciyarwa, kuma takardar da kamiyonsa ke tafiya da ita a hannun abokan mutanen nan take. An nuna masa haka ba tare da an ɓoye ba.

Ga yadda ake zaɓen a lokacin. A lakwal ake yi, wato makarantar boko. Za a ba ka takardu biyu, kowace da launinta, da ambulan. Ka shiga bayan wani zana da aka kafa, ka sa wadda kake so a ambulan, ka yar da ɗayar a kwando, ka fito ka jefa a akwati. An ce zanan don sirri ne. Sai mutanen jam'iyya suka fito da dabara, suka ce kada a yar da ta biyun, a ɓoye ta a fito da ita, a kai wa mutuminsu da ke zaune a gindin bishiya. In ka nuna ta abokan hamayya, an san tasu ka jefa. Ana ce da abin "kai saura", kuma kowane maigida shi ke da alhakin sauran mutanen gidansa.

Ana gobe zaɓe, bayan la'asar, Baba ya tara matan gida ya nuna musu launin da za su sa. Kowace ta ce to. Gwaggo tana gefe tana tsince shinkafa, bai ga ta ɗago ba, sai ya matsa kusa da ita ya tsuguna.

Ya ce, "Yaya, wagga za ki sa. Waccan ki riƙo mini ita."

Ta ce, "In riƙo maka ita ka yi mi da ita?"

"Su gani."

"To zanan da anka kafa na mi ne? In gani a ke so, a kai akwatin tsakar kasuwa mana."

Baba ya yi ƙasa da murya ya ce, "Yaya, kin san zancen kamiyona."

Ta ce, "Auta, kai na goya, ban goya kamiyo ba. Mutumin da ya ɗaure mini ɗa da igiya, ba ni ɗaga hannunai."

"Ai ba shi a ke zaɓe ba. Wanda a ke zaɓe yana can babban gari."

"Na babban gari ban san shi ba. Wanga na gani bisa motarka."

Ya yi lallashi, ya yi fushi, ya tashi ya kaɗe riga. Ita kuwa ta gama tsintar shinkafarta ta ɗora tukunya.

Washegari na raka ta. Ni ba a rubuta ni ba, wai shekaruna ba su kai ba a lissafin bariki, alhali ga ɗa a bayana. Na tsaya a waje tare da masu kallo. Matan gidanmu suka shiga ɗaya bayan ɗaya, kowace ta fito ta nufi gindin bishiya ta kwance bakin zane ta miƙa saura. Tsohon gardin ne da kansa a zaune a wurin, Baba yana tsaye a gefensa. Gwaggo ta shiga ta ɗan jima. Da ta fito sai na ga tana tauna, ta biyo hanya za ta wuce su kamar ba ta gan su ba.

Tsohon gardin ya ce, "Iya, ina saura?"

Ta tsaya ta ce, "Sauran mi?"

"Takardar da ba ki sa ba."

Ta buɗe baki ta nuna masa. Jajir yake da goro, ga ɗan farin abu a kan harshe. Ta haɗiye, ta ce, "Na haɗa ta da goro. Ba ta da daɗi, amma ta wuce."

Mutane suka fashe da dariya, har da wasu 'yan jam'iyyar. Shi bai yi ba. Ya juya ya dubi Baba, Baba ya dubi ƙasa. A hanyar gida Gwaggo ta ce mini, "Wadda na sa, ni da Allah munka sani. Ke ma kada ki tambaye ni." Ban tambaye ta ba, kuma har ta koma ga Allah ba ta faɗa wa kowa ba. Kowa yana iya zato, amma ba wanda ya gani, abin da take so ke nan.

An kira Baba an gana da shi. Abin da aka ce masa ban sani ba, abin da ya biyo baya dai a kan idona aka yi. Ranar kasuwa, rana ta ɗaga, kasuwa ta cika maƙil, sai ga kamiyonsa ya kutso a hankali ya tsaya dab da 'yan gishiri. Bututun ya yi ƙara, sai na ji muryar mahaifina ta cika ko'ina, ta yi girman da ban taɓa jin ta da shi ba.

Ya ce, "Jama'a, ina ba ku haƙuri bisa abin da ya faru ran zaɓe. Yayata tsufa ya kama ta, hankalinta ya taɓu, ba ta rarrabe takarda da goro. Ba da sani ta yi ba. Gidanmu bakinmu ɗaya. A yi mata uzuri, a yi mata addu'a."

Ya faɗa da Hausa, ya sake faɗa da Dendi don kada wani ya ce bai ji ba.

Gwaggo tana cikin auna wa wata mata gishiri. Ta gama awon, ta ƙara mata gyara kamar yadda ta saba, ta ɗaure mata. Sannan ta rufe kayanta ta ce mini, "Ɗauko turmin." Muka ratsa kasuwar nan ana buɗe mana hanya, ba wanda ya ce mana sannu. Ni ina kuka, ita tana gaba, ko tuntuɓe ba ta yi ba.

Da Baba ya ce tana da taurin kai, da ya faɗi gaskiya, kowa ma ya sani. Da ya ce ta fi ƙarfinsa, da an yi masa dariya kwana biyu an manta. Sai ya zaɓi abu ɗaya da matar nan take tsaye a kansa ya sare. Kuma ya san inda zai sara, domin a bayanta ya girma. Wannan shi ne cin amanar da na kasa haɗiyewa.

Mutane kuma suka yarda. A lokacin abin da ya fito daga bututu ko rediyo gani ake kamar daga bariki ya fito, kuma ana cewa wa zai hau mota ya tona asirin yayarsa in ba gaskiya ba ne. Matan ƙauye suka fara zuwa suna kwashe ajiyarsu, kowace da 'yar murmushinta, wai kada a wahalar da Iya. Aka daina kawo mata masu faɗa. In ta yi magana mai ma'ana sai a ce, "Yau da sauƙi." In ta fusata ta zage su sai a ce, "Ya motsa." Ba ta da ƙofar fita, duk abin da ta yi shaida ne a kanta. Yara suka riƙa bin ta suna miƙa mata guntun takarda. Daga baya ta daina zuwa kasuwa, turmin ya koma bayan ɗaki kaji suna hawa.

A gida ba ta yi masa hayaniya ba. Abu ɗaya ta canza, ta daina ce masa Auta. In ya gaishe ta sai ta ce, "Lahiya lau, mai kamiyo." Takardar kamiyonsa ba a taɓa ta ba, har ya ƙara mota ta biyu. Ya riƙa aiko mata da atamfa da sukari da huhun goro. Atamfar ta ba ni, goron ta rabar wa maƙwabta, ta aike ni in sayo mata nata da kuɗin kaɗin audugarta.

Ciwon ajalinta a ƙirji ya kama ta, bai taɓa kanta ba ko kaɗan. Tana kwance take gaya mini wadda ta ara mana tukunya ba ta dawo da ita ba, da sunan kakar kowa a unguwa. Wata safiya Baba ya shigo ya zauna a bakin ƙofa, ya cire hula. Ban taɓa ganin hawayensa ba sai ran nan.

Ya ce, "Yaya, ki yahe mini."

Ta daɗe tana dubansa, sannan ta ce, "Abin da ke tsakanina da kai na yahe, don kada Allah shi kama ka da shi. Amma abin da ke cikin kunnen mutane ba ni na sa shi ba, ba ni iya hidda shi. Da bututu ka hwaɗi, da bututu za ka warware."

Ya ce, "Zan yi, Yaya."

"Yaushe?"

"Ran kasuwa."

Ta lumshe ido ta ce, "To, Auta."

Na ji daɗin wannan kalma har cikin raina, na ɗauka an gama. Ranar kasuwa ta sa na buɗe mata ƙofa da taga, ta ce in jingina ta da bango. Ta wuni tana kasa kunne. Da la'asar muka ji kamiyon yana Doso tun jiya, an yi lodi na gaggawa. Sai ta ce in kwantar da ita. Ba ta kai wata kasuwar ba.

Da ta cika, Baba ya sa aka ɗauko bututun daga ɗakin ajiya aka ɗaura a kan mota, don a sanar da gari. Ina cikin mata ana haɗa ruwan wanka na ji an tada injin. Na ajiye ƙwarya na je na tsaya a jikin katanga. Na ce a raina yau kam zai faɗa, ga bututu a hannunsa, ga gari duk yana sauraro, ga yayarsa a kwance ba a ma rufe ta ba.

Ya yi salati. Ya ce Allah ya yi wa yayarsa rasuwa bayan ta daɗe tana fama da lalurar tsufa, za a yi jana'iza bayan azahar. Motar ta gusa. Na ji shi a bakin kasuwa, na ji shi can wajen tasha, na ji muryar ta yi nisa ta gangara bakin gulbi, kalmomin nan dai su ne, bai ƙara ba bai rage ba. Ina tsaye har motar ta dawo ƙofar gida aka kashe ta.

Bayan sadakar uku na same shi shi kaɗai a zaure. Na durƙusa na ce, "Baba, alkawarin fa?"

Bai dube ni ba, carbinsa yake ja. Ya ce, "Ta riga ta tahi, ɗiyata. Tone-tone mi zai ƙara mata? Ga Nasara suna shirin tahiya, mutanen nan su za su riƙe gari. Ki yi mata addu'a."

Mahaifina ne, ba zan ɗaga masa murya ba, kuma ba zan daina gaishe shi ba. Amma na tashi daga gabansa na san ba ni da sauran abin jira daga wurinsa.

Ni ba ni da bututu, ba ni da mota. Bakina kawai gare ni da tabarmar nan da nake zaune a kai. Don haka duk wadda ta shigo ta yi gaisuwa ta kawo zancen hankali, sai in ce mata, "Da hankalinta ta rasu. Da hankalinta ta ci takardar nan, ta san abin da take yi." Jiya 'yar Tandan ta dawo yin sallama, na riƙe hannunta na gaya mata haka, na tuna mata wadda ta yanke wa ɗanta cibiya. Ta dafa mini gwiwa ta ce, "Haƙuri, ɗiyata, baƙin ciki ne." Da ta kai bakin ƙofa na ji tana ce wa wata a hankali, "A dinga lura da yarinyar ga. Ta fara irin na gwaggonta."

Allah ya jiƙan Gwaggo, ya haɗa ta da ɗanta, ya sa ta a inda ba a tambayar kowa saura. Ga wata nan ta yi sallama a bakin ƙofa, ita ma zan gaya mata.